Ka Sayi Ƙaramar Mota? Ga Yadda Za Ka Karɓe Ta, Ka Tuƙa Ta, Ka Kula da Ita

Tambayoyin da masu karatu suke ta maimaitawa kusan iri ɗaya ne. Na karɓi makulli, me zan fara yi? Yaushe zan yi juyen mai na farko? Iska nawa taya take so? Zan iya yin doguwar tafiya da ita a makon farko? Wannan jagora ta shafi ƙananan motoci marasa dogon but, waɗanda ƙofar bayansu ke ɗagawa sama haɗe da gilashi, irin su Toyota Yaris, Honda Jazz, Suzuki Swift, Kia Picanto, Hyundai i10, Volkswagen Polo da Peugeot 208. Galibinsu injinsu lita 1.0 ne zuwa 1.5, tayoyin gaba ne ke jan su, tankinsu kuma yana cin lita 35 zuwa 45.

Komai na jikin irin wannan mota an yi shi ne daidai ma'auni. Injin ƙarami ne, man da ke cikinsa kaɗan ne, birki da taya daidai nauyinta aka ba ta. Tana da juriya muddin an tsaya cikin wannan ma'auni, amma sakacin da babbar mota za ta shanye ba tare da ta nuna ba, ita nan da nan yake bayyana a jikinta.

Mataki na 1: Duba ta kafin ka sa hannu

Ka je karɓa da rana, kuma ka nemi a wanke ta ta bushe, domin ƙura da jiƙa suna ɓoye ƙarzuwa da lotsawa. Ka riƙe tocila, ma'aunin iskar taya, farin ƙyalle da wayarka don ɗaukar hoto.

Fara da lambar shasi, wadda ake rubuta VIN a takardu. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Ka gwada ta da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. Babu harafin I, O ko Q a cikinta, don haka in ka gan su a takarda an yi kuskuren rubutu, a gyara kafin ka tafi.

Daga nan ka zagaya motar. Buɗe kowace ƙofa ka rufe. Ɗaga ƙofar baya ka sake ta: ya kamata ta tsaya da kanta, in tana saukowa to sandunan da ke tallafe ta sun gaji. Ɗaga shimfiɗar but ka ga ko akwai safaya, jak da sufanar wili. Sababbin ƙananan motoci da yawa ba sa zuwa da safaya, sai ƙaramin famfo da kwalbar ruwan liƙe huda, kuma gara ka san haka yanzu da ka sani a bakin hanya. Ka taɓa ramin safayar da hannu. Danshi ko tsatsa a wurin alama ce ta robar ƙofar baya tana yoyo.

Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Duk fitilun gargaɗi za su kama, su kuma mutu bayan inji ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, musamman ta jakar iska ko ta inji, abin tambaya ce babba a motar da aka taɓa amfani da ita.

Gargaɗi: duk aibin da ba a rubuta ba kafin ka sa hannu, naka ne. Ka kuma karɓi makulli biyu, domin yin sabon makulli mai na'ura yana da tsada sosai.

Mataki na 2: Takardu da inshora

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kada motar ta hau titi sai da rasit, shaidar mallaka, rajista da inshora mai aiki. Inshora galibi iri biyu ce: wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai, da cikakkiya wadda ke biyan gyaran taka motar. Ga sabuwar mota cikakkiyar ta fi dacewa. Ka tambayi nawa ne kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya biya sauran, domin a nan ake yawan samun saɓani.

Garantin kamfanoni da yawa shekara 3 ne ko kilomita 100,000, wasu suna ba da 5 ko 7. Sharaɗinsa shi ne sabis a kan lokaci tare da shaida. Ka ajiye kowane rasit.

Mataki na 3: Fitar da lambobi biyar daga littafin mota

Ba sai ka karanta littafin duka a zama ɗaya ba. Ka nemo abu biyar ka rubuta a wayarka: irin fetur ɗin da take sha, lambar baƙin mai da yawan litarsa, iskar taya ta gaba da ta baya, iyakar nauyin da take ɗauka, da tazarar sabis. Duk inda maganar wannan jagora ko ta wani bakanike ta saɓa wa littafin motarka, littafin za ka bi.

Mataki na 4: Gyara zama da madubi

A bi wannan jeri, don kowane gyara yana shafar na bayansa. Da farko tazarar kujera: taka kuloci ko birki har ƙasa, gwiwarka ta rage ɗan lanƙwasa. Sai majingina: kafaɗunka a jikin kujera, ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari. Tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari kada ya gaza santimita 25, saboda ƙarfin da jakar iska ke fitowa da shi. Matashin kai kuma samansa ya yi daidai da saman kanka. Madubi ne na ƙarshe, kuma na gefe ɗan sirin jikin motarka kawai ya kamata ka gani a cikinsu.

Ginshiƙin baya na irin waɗannan motoci yakan yi kauri, yana iya ɓoye babur ɗungurungum. Kafin ka canza layi ka waiga ta kafaɗa.

Gargaɗi: kujerar jariri mai kallon baya ba a sa ta a gaba muddin jakar iskar fasinja tana aiki. Wurinta baya, a maƙalan ISOFIX, wato ƙarafan da aka tanada don ɗaure kujerar yara, in motar tana da su. Ka kuma kunna makullin yara da ke gefen ƙofofin baya.

Mataki na 5: Taya

Nan ne masu sababbin motoci suka fi yin kuskure, kuma nan ne gyara ya fi araha. Adadin iskar da motarka take so yana rubuce a wata takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tanki. Ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 da 35 a ma'aunin psi, wato 2.1 zuwa 2.4 a ma'aunin bar. Lambar da ke jikin tayar kanta, kamar 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba.

Ana auna iska ne taya tana sanyi, kafin tafiya ko bayan motar ta huta awa uku. Tayar da ta yi gudu takan nuna ƙarin 3 ko 4, kada ka sace wannan ƙari. Ka auna tun ranar farko, domin sau da yawa ana cika tayoyin sabuwar mota fiye da kima lokacin jigila, a kuma manta a rage. Daga nan sai duk bayan mako biyu, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Takardar tana da layi na biyu na cikakken lodi, inda iskar baya take ƙaruwa. Ka yi amfani da shi in za ka cika motar.

Ƙarancin iska yana sa taya ta yi zafi, ta cinye gefe biyu, motar ta ƙara shan mai, kuma shi ne babban sanadin fashewa a kan gudu. Yawan iska yana cinye tsakiya, ya rage kamun titi, ya sa motar tsalle a gargada.

Ka koyi karanta jikin taya. In an rubuta 175/65 R14 82T, faɗinta milimita 175 ne, wilinta inci 14, lamba 82 tana nufin tana ɗaukar kilo 475, harafin T kuma gudun kilomita 190 a awa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne lokacin ƙira: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Tayar da ta haura shekara 6 sai ana sa mata ido ko da zanenta da saura, wadda ta kai 10 kuma a cire ta. Iyakar zurfin zane a dokar ƙasashe da yawa milimita 1.6 ne, amma da zarar ya sauka ƙasa da 3 kamunta a jiƙaƙƙen titi ya ragu ƙwarai.

Gargaɗi: in biyu kawai za ka iya saya, sababbin a baya za a sa su, ko da yake na gaba ne suka fi saurin suɗewa. Motar da bayanta ya zame a kwana ta fi wuyar kamawa nesa ba kusa ba.

Mataki na 6: Ƙarƙashin bonet

Ajiye motar a wuri mai daidai, kashe inji, jira minti 5 zuwa 10. Zaro sandar gwajin mai, goge ta, mayar da ita har ƙarshe, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyu. A motoci da yawa tazarar alamun kusan lita ɗaya ce, a wasu ba ta kai ba, don haka in za ka ƙara, ka riƙa zuba rubu'in lita kana dubawa. Man da ya wuce alamar sama yana kumfa, ya matsa wa robobin inji har su fara yoyo.

Waɗannan injuna lita 3 zuwa 4 kawai suke ci. Rasa lita ɗaya daidai yake da rasa rubu'i ko sulusin duk man da ke ciki. Shi ya sa dubawa duk mako biyu ba ɓata lokaci ba ne, har a motar da ta fito daga kamfani jiya, domin sabon inji yakan ɗan sha mai a farkon aikinsa.

Sababbin injuna suna son mai mara kauri, kamar 0W-20 ko 5W-30. Kuskuren da ya yi yawa shi ne a zuba musu mai kauri irin 20W-50 da tunanin ya fi ƙarfi. Hanyoyin mai na cikinsu sirara ne, mai kauri yana jinkirin isa saman inji lokacin tayarwa, kuma a wannan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Ruwan sanyaya inji ana duba shi a jikin farar robarsa, inji yana sanyi. Ba zallar ruwa ba ne, haɗi ne mai maganin tsatsa, kuma ba a gauraya iri biyu daban-daban. Man birki yakan sauka a hankali yayin da fad ɗin birki ke cinyewa, wannan ba komai. In ya sauka da sauri akwai yoyo, kada a tuƙa motar.

Gargaɗi: kada ka taɓa buɗe murfin lagireto ko na robar ruwa inji yana da zafi. Ruwan ya wuce zafin tafasa, kuma a matse yake.

Idan ta hannu ka saya kuma babu shaidar sabis, ka ɗauka ba a yi komai ba. A canza baƙin mai da filtarsa, filtar iska, filtar esi da man birki, a duba fulogi da man giya. A kuma bincika ko injin bel ɗin taimin yake amfani da shi ko sarƙa. In bel ne kuma ba a san ranar da aka sa shi ba, a canza, domin tsinkewarsa yakan lalata inji gaba ɗaya.

Mataki na 7: Kilomita 1,500 na farko

Sassan sabon inji suna buƙatar su goga juna su zauna. Yawancin kamfanoni suna ba da tazarar kilomita 1,000 zuwa 1,500 don haka. Abin da ake so ba rarrafe ba ne, sauye-sauye ne.

Kada ka take totur har ƙasa. Allurar agogon juyin inji kada ta wuce 3,500 zuwa 4,000. Kada ka daɗe a gudu ɗaya: in tafiya ta kama ka a babbar hanya, ka riƙa sauya gudu tsakanin kilomita 80 da 100 a awa, ka kashe na'urar riƙe gudu. Kada kuma ka wahalar da injin ta ɗaya ɓangaren, wato ka bar shi a babbar giya yana kakkarwa a ƙaramin gudu ko a hawa. Wannan ya fi juyi mai yawa illa, kuma masu neman tsimin mai sun fi faɗawa cikinsa. Ba a jan wata mota ko tirela a wannan lokaci. Bayan kilomita 1,000 sai ka fara ƙara mata wuta sannu a hankali.

Birki da taya su ma sababbi ne. Fad ɗin birki yana buƙatar kilomita 200 zuwa 300 kafin ya kwanta a jikin faifai, taya kuma kusan 500 kafin santsin ƙira ya goge. Ka bar tazara mai yawa, ka guji taka birki da ƙarfi sai dole. Ɗan ƙauri a kwanakin farko daga fenti da man kariya da ke jikin salansa yake fitowa, zai wuce.

Game da ɗumama inji da safe, daƙiƙa 30 ta isa. Daga nan ka tashi a hankali har zafinsa ya daidaita. Barin mota tana aiki a tsaye minti goma ƙona mai ne kawai, kuma injin ya fi saurin ɗumi a kan tafiya. In motar mai turbo ce, bayan gudu mai tsawo ko dogon hawa ka ba ta kamar minti ɗaya kafin ka kashe.

Juyen mai na farko kuwa, wasu kamfanoni suna neman a kawo motar dubawa a kilomita 1,000, wasu sai lokacin sabis na yau da kullum. Abin da littafin garanti ya ce shi ne hukunci.

Mataki na 8: San irin giyarka

Mai giyar hannu: cire ƙafa daga kuloci da zarar ka sa giya. Ɗora ƙafa a kansa, ko riƙe mota da shi a kan tudu, shi ke ƙona faifan kuloci kafin lokacinsa. A tudu ka ja birkin hannu, ka ɗago kuloci har ka ji motar tana son tafiya, sannan ka saki birkin. A cunkoso ka mayar da giya firi in za ka tsaya fiye da 'yan daƙiƙu. Kafin ka sa ribas motar ta tsaya cak.

Masu giya mai sarrafa kanta ba iri ɗaya ba ne, kuma wajibi ne ka san taka. CVT ba ta da hawa-hawan giya, don haka in ka taka totur za ka ji ƙarar inji ta tashi ta tsaya a sama yayin da gudu ke biyowa. Haka aka yi ta, ba lalacewa ba ce. Abin da ba ta jurewa shi ne fizga daga tsaye da kuma man da ba nata ba: man giyar otomatik na gama-gari yana kashe ta. AMT giyar hannu ce da na'ura ke canza wa, takan ɗan yi jinkiri tsakanin giya, wasu kuma suna komawa baya a tudu, sai an haɗa da birkin hannu. Ɗaga ƙafa kaɗan lokacin da take canzawa yana rage girgiza. Mai kuloci biyu, DCT ko DSG, ba ta son jan ciki a cunkoso. Ka bari tazara ta buɗe, ka matsa gaba ɗaya, ka tsaya sosai.

Gargaɗi: wurin ajiye mota a gangara, taka birki, ja birkin hannu, bari nauyin motar ya sauka a kansa, sannan ka sa P, wato giyar fakin. In ka fara sa P, nauyin duka yana rataya a kan wani ɗan ƙarfe cikin giya. Haka kuma ba a jan motar otomatik tafiya mai nisa tayoyin gaba suna ƙasa, ɗaukar ta ake yi.

Mataki na 9: Lodi da ƙofar baya

Yawancin waɗannan motoci kilo 400 zuwa 500 suke ɗauka, kuma mutanen ciki suna cikin lissafin. A ce taka 450 ce: manya biyar masu kilo 75 sun cinye 375, saura kilo 75 kacal na kaya. But ɗin lita 250 zuwa 350 ne, in an kwantar da kujerun baya ya ninka, kuma wannan fili ne ke ruɗin mutane. Samun wuri ba ya nufin motar za ta iya ɗauka. Lodi fiye da kima yana tsawaita tazarar birki, ya kashe shokazoba, ya ɗaga hancin motar har sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su haska idon masu tahowa.

Kaya masu nauyi a ƙasa, a manne da bayan kujera. Kada tulin kaya ya wuce tsayin majingina, domin babu bango tsakanin but da fasinja. Allon da ke rufe but ba wurin ajiya ba ne: kwalba ko akwatin da ke kansa, in aka taka birkin gaggawa, kan na gaba zai nufa. Rufin sama kuma galibi kilo 50 zuwa 75 yake ɗauka, har da nauyin kariyar kanta.

Gargaɗi: kada ka yi tafiya ƙofar baya a buɗe. Iskar da ke juyawa a bayan motar tana janyo hayaƙin salansa zuwa ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko launi. Wannan juyawar iska ce kuma take sa gilashin baya saurin datti. Ka fesa ruwa kafin ka kunna waifar baya, in ba haka ba ƙura za ta karce gilashin.

Wurin fakin ka bar fili a baya, ka kuma duba sama, don ƙofar takan kai kusan mita 2 in ta buɗe.

Mataki na 10: Babbar hanya, tudu da ruwa

A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Ka bar tazarar daƙiƙa 3 tsakaninka da na gaba, ka ninka in ana ruwa. Wuce mota da ƙaramin inji yana son shiri: ka sauko giya ɗaya ko biyu tun kafin ka fita, ka tabbatar hanya a buɗe take da nisa, kuma ka tuna cewa motar da ta cika da mutane ga esi a kunne ba ita ce wadda ka saba da ita kai kaɗai ba. In kana shakka, ka haƙura. Lokacin giftawa da tirela ka riƙe sitiyari da hannu biyu, iskarta tana tura mota mara nauyi.

A doguwar gangara ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar. Taka birki ba ɗagawa yana sa shi zafi har ya daina kamawa, kuma ba a saukowa a firi. In birkin gaggawa ya kama, taka da ƙarfi ka riƙe. Bugun da za ka ji a ƙafarka aikin ABS ne, na'urar da ke hana tayoyi kullewa, kada ka saki.

Ƙarƙashin motar bai fi santimita 13 zuwa 17 daga ƙasa ba, lodi kuma yana rage shi. A tudun rage gudu ka taka birki kafin ka isa, ka sake shi, ka hau a hankali. Hawa da birki a take yana dulmiyar da hancin motar. Bayan faɗawa rami mai ƙarfi ka duba gefen taya ko ya kumbura, in kuma sitiyari ya karkace a je a yi alaimen.

Gargaɗi: ruwan da ya kai tsakiyar wili ba na shiga ba ne, kuma ruwa mai gudu na santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota. In ta mutu a cikin ruwa kada ka sake tayarwa. Ruwan da ya shiga silinda yana lanƙwasa ƙarafan inji a bugu ɗaya.

Mataki na 11: Fitilun gargaɗi

Ja na nufin tsaya, ruwan ɗorawa na nufin a duba ba da jimawa ba. Jar butar mai: kashe inji nan take, 'yan mintuna sun isa ya buga. Jar alamar zafi: tsaya, kashe, jira ya huce. Alamar batir: caji ya tsaya, kashe esi ka nufi wurin gyara mafi kusa, in kuma zafi ya fara hawa tare da ita ka tsaya. Fitilar inji in ta tsaya cak za ka iya kaiwa wurin gyara a hankali. In tana ƙyaftawa, fetur ɗanye yana shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda tana cikin sassa mafi tsada. Kada a goge fitila da kwamfuta ba tare da an rubuta lambar matsalar an gyara ta ba.

Mataki na 12: Mai, sabis da lissafin kuɗi

Don sanin ainihin shan manta, cika tanki har famfo ya katse, mayar da ma'aunin tafiya sifili, yi harkokinka, sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Lita 32 a kilomita 500 ya ba da 6.4, wato lita 6.4 a kowane kilomita 100. Yawancinsu suna tsakanin 5 da 7, cunkoso da esi suna ƙarawa. In adadin ya yi tsalle ba dalili, fara da iskar taya da filtar iska. Kada ka ci gaba da ɗura mai bayan katsewar farko, kada kuma ka saba tafiya da fitilar mai a kunne, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki.

Tazarar juyen mai galibi kilomita 10,000 ce zuwa 15,000, ko shekara ɗaya, duk wanda ya riga zuwa. Amma littattafan suna da jadawali na biyu na aiki mai tsanani: ƙura, zafi, cunkoso da gajerun tafiye-tafiye. Wanda tuƙinsa ya faɗa nan, kusan rabin tazarar zai bi, kuma mutane da yawa a nan suke ba su sani ba. Filtar mai ana canza ta tare da mai kowane lokaci. Juya tayoyi gaba da baya duk kilomita 10,000. Man birki duk shekara 2, saboda yana tsotsar danshi. Fulogi na gama-gari kilomita 30,000 zuwa 40,000, masu bakin iridiyam kusan 100,000. Batir shekara 3 zuwa 5, ƙasa da haka a wuri mai zafi.

Kuɗin riƙe mota kashi uku ne. Akwai na kullum, wato mai, da na shekara, wato inshora, sabunta takardu da sabis. Sai masu zuwa jefi-jefi da nauyi: tayoyi huɗu, batir, birki, kuloci, bel ɗin taimin. Ka tambayi farashin waɗannan tun yanzu, ka raba jimillar da watannin da za su ɗauka, ka riƙa ware wannan adadi kowane wata. Wanda bai yi haka ba shi ne yake ƙarewa da sayen tsohuwar taya ko jabun fad ɗin birki.

Mataki na 13: Ranar da taya ta sace

Ka gwada wannan a gida sau ɗaya kafin buƙata ta taso. Tsaya a wuri mai tauri da daidai, nesa da titi, kunna fitilun haɗari, ja birkin hannu, sa giya ta ɗaya ko P, kowa ya fita ya tsaya nesa da hanya. Kafa alamar gargaɗi a baya, ka tokare tayar da ke kusurwar da ke kallon wadda ta lalace. Sassauta notuna rabin juyi motar tana ƙasa. Sa jak a wurin da aka yi masa alama a ƙarƙashin gefen mota, ba a ko'ina ba, don ƙarfen wajen siriri ne yana lotsewa. Ɗaga, cire, sa safaya, ɗaura notuna da hannu, sauke motar, sannan ka ƙara tamke su a tsallake, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa. Ƙarfin ɗaurin galibi 100 ne zuwa 120 a ma'aunin Nm na ƙarfin murɗa notu. Hawa kan sufana da ƙafa yana wuce haka, yana kuma iya tsinke kusa.

Gargaɗi: kada wani sashe na jikinka ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Siririyar safaya tana son iska 60 a ma'aunin psi, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Ta kai ka wurin gyara ne kawai. Ruwan liƙi yana aiki a ƙaramar huda ta tsakiyar taya, ba ya maganin yagewar gefe, kuma tayar da ta huje ko ta kumbura a gefe ba a yi mata faci, canza ta ake yi. Bayan kilomita 50 ka sake gwada notunan, ka kuma auna iskar safayar kafin ka mayar da ita ramin but.